Yadda za ka samu sansani mai shiru a Faransa idan za ka ja tirelar kwana a ƙarshen bazara

Babu ƙasar da ta kai Faransa yawan sansanonin hutu a Turai. Sun haura 7,000, kuma kusan kowanne ka buɗe shafinsa na intanet zai ce maka wurinsa a natse yake. Kada ka dogara da wannan magana. Mai jan tirelar kwana, wato ɗakin nan mai ƙafafu da ake ɗaurawa a bayan mota, idan shiru yake nema, abu uku ne za su ba shi: ranar da ya zaɓa, irin sansanin da ya nufa, da abin da ya gani da idonsa a taswira kafin ya biya ko sisi. Wannan bayani an yi shi ne musamman don wanda zai taso daga Ingila, amma yawancinsa zai yi wa mai tasowa daga Jamus, Beljiyam ko Holan amfani.

Fara da kalandar makarantu

Makonni biyu na farkon Agusta su ne ƙololuwar cunkoso, har zuwa 15 ga wata, wadda ranar hutu ce a faɗin Faransa. Daga nan jama'a sukan fara raguwa, amma ba a watsewa sosai sai Asabar ta ƙarshe a watan, domin makarantun Faransa suna komawa ne a kwanakin farko na Satumba, na Ingila ma haka. Abin da mutane da yawa ba sa lissafawa shi ne Jamusawa. Jihohin Bayern da Baden-Württemberg ba sa komawa makaranta sai wajen tsakiyar Satumba, saboda haka tafkunan gabashin Faransa, yankin Alsace, tsaunukan Jura da bakin tekun Bahar Rum sukan ci gaba da cika da iyalai bayan Faransawan sun tafi. Idan ka karkata yamma ko tsakiyar ƙasar, ka rage wannan.

Mafi kyawun lokaci shi ne daga 1 zuwa wajen 20 ga Satumba. Maƙwabtanka a lokacin galibi dattawa ne 'yan fansho, masu kashe fitila da wuri. Daga tsakiyar wata kuma wata matsalar ce ke tasowa: ƙananan sansanoni da dama suna rufewa ran 15 ko 30 ga Satumba, kuma makon ƙarshe kafin rufewa mako ne na aiki, ana yankan itatuwa, ana wanke ɗakunan haya da injin feshin ruwa, an kulle rabin banɗakuna. Ka tambayi ranar rufewa, ka bar tazarar mako guda tsakaninka da ita.

Mai 'ya'ya 'yan makaranta ba shi da wannan zaɓi, tunda a Ingila cire yaro daga aji don yawon hutu yana jawo tara. Makon ƙarshe na Agusta kaɗai ke hannunsa. To ya manta da bakin teku gaba ɗaya, ya nufi cikin ƙasa.

Taurari ba sa auna shiru

Hukumar Atout France ce ke ba sansanoni tauraro daga 1 zuwa 5, kuma abin da take aunawa shi ne kayan more rayuwa: yawan banɗakuna, sa'o'in da ofis ke buɗe, harsunan da ma'aikata ke ji, wurin wasan yara da makamantansu. Faɗin fuloti ma bambancinsa kaɗan ne, mafi ƙaranci murabba'in mita 70 ga mai tauraro 1 ko 2, mita 80 ga mai 3 zuwa 5. Sau da yawa ƙarin tauraro na nufin ƙarin wurin ninƙaya mai zamiya, mashaya da kiɗan dare. Mai neman natsuwa ya riƙa duba abin da sansani ba shi da shi, ba abin da yake taƙama da shi ba.

Iri uku ne suka fi dacewa. Na farko shi ne camping municipal, na hukumar gari ko ƙauye, yawanci tauraro 2, mai arha, a bakin rafi ko bayan gari, kuma da ƙafa za ka je gidan burodi. Na biyu aire naturelle, wanda doka ta iyakance shi ga fuloti 30 a fili da bai wuce hekta ɗaya ba, kuma ba ya buɗewa fiye da wata shida a shekara. Na uku sansanin gona, wanda ƙaraminsa ba ya wuce fuloti 6 ko mutum 20. Ana samun irinsu a jerin Bienvenue à la ferme da Accueil Paysan. A namu ganin aire naturelle ce ta fi, domin dokar da ta kafa ta ita ce ta hana ta cunkoso, sai dai ka tabbatar tana da wutar lantarki da wurin zubar da kwandon masai, don ba duka ke da su ba.

Akwai wurare biyu da ba naka ba ne ko da ka gan su a manhaja. Wuraren kwana da ake kira aire de camping-car, da kuma gonakin tsarin France Passion, na motocin da ɗakin kwanansu ke jikinsu ne, ba sa karɓar tirela. Haka kuma idan ka rubuta kalmar shiru a wurin bincike, sansanoni masu alamar naturiste sukan fito a sahun gaba. Waɗannan na masu zama ba tufafi ne. Ka lura da kalmar da kyau kafin ka biya.

Wajen yanki kuwa, jihohin da mutane suka yi ƙaranci su ne abin nema: Creuse, Corrèze, Indre, Cantal, Aveyron, Lozère, da tuddan Morvan. Ka kauce wa Argelès-sur-Mer, Vias, Saint-Jean-de-Monts da Vallon-Pont-d'Arc, inda sansanoni ke jere kafaɗa da kafaɗa. Manyan sansanonin bakin tekun kudu suna da wata al'ada a Satumba: sukan ba ɗaliban manyan makarantu haya don shagalin maraba da sababbi, daga Juma'a zuwa Lahadi, kiɗa har asuba. Tsauni kuma yana da farashinsa. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6, don haka a Cantal ko Lozère rana za ta yi daɗi amma dare zai buƙaci bargo mai kauri da na'urar ɗumama ɗaki.

Minti goma a kan taswira

Nan ne aikin gaske yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Buɗe hoton sama na sansanin a Google Maps ko Géoportail, ka ja baya har ka ga kilomita biyu ta kowane ɓangare. Nemi babbar hanya mai lamba da ta fara da A ko N. Idan tana cikin kilomita ɗaya, za ka ji gurnanin manyan motoci da dare, musamman in sansanin yana kan tudu sama da ita, ko yana gabashinta, tunda iska a yawancin Faransa daga yamma take kaɗawa. Nemi layin dogo. A kwarin kogin Rhône jiragen kaya suna wucewa cikin dare. Idan ka ga doguwar kwalta a tsakiyar ciyawa ba ta zuwa ko'ina, ƙaramin filin jirgi ne, kuma ranar Lahadi yakan yi aiki.

Sai ka matso kusa. Hukumomin ƙauye sukan tara kayansu wuri guda, shi ya sa camping municipal ke yawan maƙwabtaka da filin ƙwallo da salle des fêtes, wato zauren bukukuwa. Satumba wata ne na ɗaurin aure, kuma bikin daren Asabar a zauren yana kaiwa ƙarfe uku ko huɗu. Duba nisan coci, domin a wasu ƙauyuka ƙararrawa tana buga kowace sa'a har da dare. Duba inda aka ajiye babban kwandon zubar da kwalabe, wanda ƙararsa idan ana juye shi da sassafe ba ta misaltuwa.

A cikin sansanin kansa, ƙirga fararen akwatuna masu kusurwa huɗu da ke jere a hoton. Ɗakunan haya ne na dindindin. Idan sun fi rabin filin, masu tirela an tura su gefe ne, yawanci bakin ƙofa ko bakin hanya. Wurin da ciyawa da shingen itatuwa suka fi yawa shi kake so.

Ƙarshen bazara yana da nasa surutun da ba a ji a Yuli. Girbin inabi yana farawa daga ƙarshen Agusta a kudu, ya hau arewa cikin Satumba, kuma injinan girbi sukan yi aiki tun kafin asuba don 'ya'yan su shiga rumbu da sanyinsu. Sansanin da ke tsakiyar gonakin inabi a Languedoc, Beaujolais ko Champagne zai cika da 'yan ƙwadago masu fita aiki da duku-duku. Lokacin farauta ma yana buɗewa a Satumba, kudu kafin arewa, ranar kuma gwamnan kowace jiha ne ke tsayar da ita. Farautar aladen daji tana rigan wannan. A bakin daji za ka ji harbi da haushin karnuka da safiyar Lahadi. Idan kana yawo ka ga allo an rubuta chasse en cours, wato ana cikin farauta, ka juya.

Sharhin baƙi da wasiƙar tambaya

Idan za ka karanta sharhin waɗanda suka taɓa sauka, a Google, ACSI ko park4night, bar makin taurarin ka duba kwanan wata. Kukan wanda ya sauka ran 5 ga Agusta bai shafe ka ba. Nemi na Satumba, sa'an nan ka binciki kalmar surutu a harsuna huɗu: bruit, lawaai, Lärm da noise. Sharhin da ya ce babu abin yi a nan, yara sun gundura, alama ce mai kyau a gare ka.

Daga nan ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa. Ka faɗi tsawon tirelarka har da sandar ja, ka ce emplacement nu kake so, wato fuloti ba gini. Ka tambaya ko akwai animations a kwanakin, wato wasannin dare, ko an ba wata ƙungiya haya, ko kuma an kama zauren bukukuwa ranar Asabar. Ka tambayi ƙarfin wuta. Idan tirelarka mai gatari biyu ce, ka faɗa tun yanzu da kalmar double essieu, domin sansanonin hukuma da yawa ba sa karɓarta ko kuma su ɗora mata kuɗi mai nauyi, kuma ba a bakin ƙofa da yamma ya kamata ka gano haka ba. Iyalin da za su shiga wurin ninƙaya su tambayi dokar tufafi: yawancin wuraren ninƙaya a Faransa sun hana maza shiga da wando mai faɗi, kayan ninƙaya masu rufe jiki na mata kuma kowane sansani da ƙa'idarsa. A tambaya kuma ko banɗakunan maza da mata a rabe suke, don a ƙananan wurare sau da yawa haɗe suke. A tafi da buta da takardar banɗaki.

Kada ka biya kuɗin mako biyu a wurin da ba ka taɓa gani ba. A Satumba wuri ba ya wuya a cikin ƙasa. Kama dare biyu, idan ya yi maka ka ƙara. Kuɗin kafin alƙalami galibi kashi 25 zuwa 30 ne cikin ɗari, wasu kuma suna ƙara frais de dossier, kuɗin rajista da ba a mayarwa. Akwai harajin kwana, taxe de séjour, 'yan santimai a kan kowane babba kowane dare, yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biya. Katin rangwame na CampingCard ACSI yana ba da farashi tsayayye ga manya biyu da fuloti da wuta da ruwan wanka mai zafi, amma kowane sansani da ranar da yake fara karɓarsa, wani ƙarshen Agusta, wani sai Satumba ta kama. Katin yana da illa guda: sanannun wuraren da ke karɓarsa sukan cika da masu riƙe da shi.

Wanda ke zaune a Ingila da fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Schengen, izinin zaman Ingila bai wadatar ba. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuɗin babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana son shaidar masauki na dukan kwanakin. Wannan ya ci karo da shawarar dare biyu. Mafita ita ce ka zaɓi sansanonin da ke ba da damar sokewa ko sauya rana ba asara, ka karɓi tabbacin a rubuce da sunayen duk matafiyan.

Zaɓen fuloti

Ka isa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana. Ofisoshi da yawa suna rufewa daga sha biyu zuwa biyu, a wasu sansanonin hukuma ma ba kowa, sai ka zaɓi wuri ma'aikaci ya zo karɓar kuɗi da yamma. Ajiye mota a bakin ƙofa ka zaga da ƙafa, gani ya kori ji. Nisanci ƙofar shiga, banɗaki, wurin wanke kwanuka da filin wasan pétanque, wato jifan ƙwallayen ƙarfe, da aƙalla mita 50. Nemi lungun da hanya ta ƙare, inda ba mai wucewa sai maƙwabci. Tsaya shiru minti biyu ka saurara. Injin wurin ninƙaya da firjin kanti suna aiki dare da rana.

Ɗaga kai ka dubi itacen da ke sama. A Satumba itacen oak yana zubar da 'ya'ya, kuma faɗuwarsu a kan rufin tirela cikin dare tana hana barci. Itacen pine yana ɗigar da ƙaro mai wuyar wankewa. Inuwa mai duhu ba ta da amfanin da take da shi a Yuli. Yanzu hasken safe kake so ya busar da raɓa. Sa'an nan ka dubi ƙasa. Fulotin da ya fi sauran gangarowa, mai busasshen taɓo ko gansakuka, nan ruwa ke kwanciya.

Batun ruwa ba na wasa ba ne. Daga Satumba, a jihohin Gard, Hérault da Ardèche da kewayensu, iska mai ɗumi daga teku takan haɗu da tsaunukan Cévennes ta zubar da ruwan watanni cikin sa'o'i. Ran 22 ga Satumba 1992 kogin Ouvèze ya yi ambaliya a Vaison-la-Romaine, ya share sansanin bakin kogi, mutane da dama suka rasu. Fulotin bakin rafi shi ya fi kyau a ido, shi ya fi haɗari. Duba adireshin a Géorisques, shafin gwamnati mai nuna wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya da makamantanta, karanta taswirar tserewa da ke manne a ofis, ka kuma duba taswirar gargaɗi ta Météo-France kowace yamma: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Idan ta kai ruwan lemo, naɗe rumfa, juya mota ta fuskanci ƙofa. Idan aka ce a fita, a bar tirela a tafi. Gobarar daji ma haka: a Yulin 2022 wutar La Teste-de-Buch ta cinye sansanoni biyar kusa da tudun yashi na Pilat. A kudu an saba hana gashin gawayi, don haka murhun gas za ka ɗauka.

Wuta, gas da hanya

Ƙananan sansanoni sukan ba da amfiya 6 ko 10, ba 16 da aka saba a Ingila ba. Lissafin mai sauƙi ne: 6 sau volt 230 ya ba da wat 1,380, 10 kuma wat 2,300. Butar lantarki ta gida tana cin 2,000 zuwa 3,000, ita kaɗai za ta kashe wutar, akwatin kuma wani lokaci a kulle yake sai ma'aikaci ya dawo da safe. Sayi ƙaramar buta ta wat 750 zuwa 1,000, ka mayar da tukunyar ruwan zafi kan gas. Ɗauki waya mai tsawon mita 25, ka warware ta duka don kada ta yi zafi, da mahaɗin da ke sauya shuɗin fulogi mai baki uku zuwa soket ɗin Faransa, domin tsofaffin sansanoni har yanzu shi suke da shi. Ɗauki ɗan ma'aunin soket. A Faransa akan samu wayar wuta da ta dawowa sun sauya gurbi, kuma makunnin tirelar Ingila waya ɗaya yake yankewa, sai na'ura ta zauna da wuta a jikinta alhali an kashe ta. Gajeriyar waya mai juya gurbin, wadda aka yi mata alama a fili, tana gyara wannan.

Ba a musayar tukunyar gas ta Calor, wadda aka saba da ita a Ingila, a Faransa, kuma bakin tukwanen Butagaz ko Antargaz daban ne. Ka taho da cikakkiya, ka riƙe mahaɗin ƙaramar tukunyar gas ta Campingaz 907 don ko-ta-kwana. Kada ka cika firji da naman halal daga gida: tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai an hana shiga da nama da kayan madara. Mahautan halal suna nan a manyan garuruwa irin su Rouen, Orléans da Limoges, amma ba a ƙauyukan Creuse ba, don haka ka yi sayayya a hanya.

Daga Dover zuwa Calais minti 90 ne a jirgin ruwa, ta ramin ƙarƙashin teku daga Folkestone minti 35, kuma a rufe tukunyar gas kafin shiga. Mai nufin tsakiyar Faransa ya kauce wa Paris: A16 zuwa Abbeville, A28 zuwa Rouen, N154 ta Évreux da Chartres, sai Orléans, Vierzon, da A20 wadda kyauta ce har Brive. A Rouen a bi alamar manyan motoci, domin akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu gajeren rufi. Calais zuwa Limoges wajen kilomita 700 ne, tafiyar kwana biyu ga mai ja. A wurin biyan kuɗin hanya, mota da tirela masu tsayin mita 2 zuwa 3 daga ƙasa zuwa rufi aji na 2 ne. Idan allo ya nuna 3, danna maɓallin kira kafin ka biya. Hanyoyin A13 da A79 ba su da shinge, ana biya ta intanet cikin sa'o'i 72. Duba farantin nauyi na motarka: idan jimillar da aka yarje mata tare da tirela ta wuce tan 3.5, iyakarka kilomita 90 a babbar hanya, 80 a sauran hanyoyin wajen gari. Alamar UK a bayan tirela, rigar haske da alwatikan gargaɗi wajibi ne. Duba hasashen cunkoso na Bison Futé ka guji Asabar, kuma idan iskar mistral tana kaɗawa a A7 ko tramontane a A9, ka jira ta lafa.

Idan duk da haka daren farko ya zo da surutu, kusan kowane sansani yana da dokar shiru daga ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, tana manne a ofis tare da lambar mai gadi. Kira shi, kada ka tunkari maƙwabci da kanka. Da safe ka nemi a sauya maka fuloti, abin da ba ya wuya a Satumba. Shi ya sa ba a kafa babbar rumfa a ranar isowa, kuma shi ya sa ake riƙe sunayen sansanoni biyu na daban a cikin tazarar kilomita 30, waɗanda aka riga aka duba taswirarsu da ranar rufewarsu.